Ta Dawo Daga Hannun 'Yan Bindiga, Barci Ya Ƙi: Amsa Ga Wani Mai Bishara A Katsina

Tambaya: Ni mai bishara ne a wata ƙaramar ikilisiya a cikin garin Katsina, shekarata biyu da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki. Akwai wata 'yar'uwa a cikinmu, matar aure mai 'ya'ya uku, da 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar ƙauyensu. Ta yi kusan wata biyu a hannunsu kafin dangi su sayar da gona su biya kuɗin fansa. Lahadin farko bayan dawowarta mun tsayar da ita ta ba da shaida, aka sha murna. Yau wata uku ke nan ba ta barci, in ta ji ƙarar babur sai jikinta ya ɗauki rawa, zumuntar mata ma ta daina zuwa. Mun yi azumin kwana uku, mun yi addu'ar dare sau biyu, abin sai gaba yake yi. Wani dattijo ya ce aljani ne ya biyo ta daga daji, wani ya ce akwai zunubin da take ɓoyewa. Ta gaya mini abin da aka yi mata a can, ta roƙe ni kada mijinta ya ji, shi kuma kullum tambayata yake me take faɗa mini. Makon jiya ta ce da ma sun kashe ta a can ta huta. Ina zan sa kaina?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Ubangiji ya ƙara maka ƙarfi. Daga ƙarshen wasiƙarka za mu fara, domin maganar da ka bari ƙarshe ita ce ba ta jiran gobe.

Wanda ya ce da ma ya mutu ya huta, ba a amsa masa da "kai, daina faɗin haka." Ka je wurinta yau, ka tambaye ta kai tsaye cikin taushin murya: "'Yar'uwa, kina tunanin kashe kanki?" Mutane na tsoron wai tambayar za ta sa mata abin a rai. Ba ta sawa. Yawanci ma sauƙi mutum ke ji don an sami wanda bai gudu daga maganar ba, musamman a ƙasar da aka daɗe ana ɗaukar yunƙurin kashe kai laifi a doka kuma abin kunya a dangi. In ta ce e, ka ci gaba: ta shirya yadda za ta yi? Abin da za ta yi da shi yana gida? Ta taɓa gwadawa? In ko ɗaya daga cikinsu ya zama e, kada a bar ta ita kaɗai dare ko rana, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ta asibiti a ranar. A nan ba ka da ikon riƙe sirri, kuma ka gaya mata hakan da bakinka: "Wannan kam sai na sanar da mutum ɗaya, ki zaɓa mini wa." Ka bar wa'azin wuta a aljihu. Tsoro kan rufe bakin mutum, tunanin kuma yana nan a ciki.

Ko ta ce a'a, asibiti dole ne a cikin makon nan, tare da macen da ita da kanta ta zaɓa. Wata biyu a daji kan bar ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, kuma su ma suna hana barci, suna kashe jiki. Ba ka faɗi abin da aka yi mata ba, ka kuma kyauta, amma in fyaɗe ne, ana bukatar gwajin ciki, na ƙanjamau, na ciwon hanta da na ciwon sanyi. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, wannan ya wuce mata. Ka dai riƙe shi saboda wadda za ta dawo nan gaba, Allah ya kiyaye. Alherin da ke cikin wata uku shi ne gwajin yanzu zai ba da sakamakon da za a dogara da shi. Mata da yawa a irin halinta wannan fargabar ce ke cin su a ɓoye. Ku nemi a tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin Koyarwa na Tarayya yana nan cikin Katsina, in kuma an bukaci ƙari akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano da na tarayya a Barnawa, Kaduna. In an ba ta maganin damuwa, a sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga aikinsa, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Inda ake faɗuwa biyu ne: a sha kwana biyar a ce ba ya aiki, ko a ji sauƙi wani ya ce "ai kin warke ta bangaskiya, zubar da shi." Kada kuma a sayo mata ƙwayar barci a kemis. Takan kwantar da mutum na 'yan kwanaki, sannan jiki ya saba, a dawo da matsala biyu.

Abin da ka lissafa, rashin barci, firgita da ƙarar babur, gudun taro, sanannun alamu ne ga wanda ya ga mutuwa da idonsa. Jikinta ya koyi cewa babur na nufin sun zo, kuma har yanzu bai yarda an gama ba. Kusan kowa kan yi haka a makonnin farko. In ya wuce wata guda bai lafa ba, likitoci na ɗaukarsa ciwo mai bukatar kulawa, kuma ana warkewa. Ka faɗa mata wannan da irin waɗannan kalmomin, domin mai yiwuwa tana zaton hauka take yi.

To, dattawanka biyu ba daga sama suka ciro maganarsu ba. Kowannensu na tsaye ne kan wata hanya da Kirista suka daɗe suna bi wajen ba da shawara, ko da bai san sunanta ba.

Mai cewa akwai ɓoyayyen zunubi yana kusa da koyarwar Jay Adams, wani fasto Ba'amurke da ya fito a 1970 yana cewa Littafi Mai Tsarki ya isa, kuma in ba ciwon jiki ba ne, damuwar mutum daga zunubi take, maganinta gargaɗi da tuba. Hanyar na da amfaninta. Magidancin da ke shanye albashinsa a gidan giya yana barin iyali da yunwa, ko mai neman matar wani, gaskiya tsirara yake bukata da kira zuwa tuba, ba a zauna ana lallashinsa wata shida ba. Amma in ka ɗora ta a kan wanda aka zalunta, ka zama abokan Ayuba. Sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suna tono masa laifi, ƙarshenta Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu. Ko waɗanda suka gaji Adams daga baya sun gane sai an ba wahala nata wurin, ba zunubi kaɗai ba.

Mai cewa aljani ne yana kan hanyar addu'ar 'yantarwa, wadda ta yi ƙarfi a Najeriya tun shekarun 1970. Ba mu musun cewa akwai mugayen ruhohi, Bishara cike take da labarinsu. Amma ka dubi addu'ar daren nan da idon wannan baiwar Allah. Mace ce da ba ta barci, aka ƙara hana ta barci. Ba ta cin abinci, aka sa ta azumi. Aka sa ta tsakiya cikin duhu, maza suka kewaye ta suna ɗaga murya, hannuwa a kanta. Me ya bambanta wannan da dajin, a wurin jikinta? In ta faɗi tana kuka sai a ce ga shi ya bayyana, alhali tsoro ne ya kayar da ita. Da gari ya waye ba ta warke ba, laifin ya koma kanta: bangaskiyarta ce ƙarama. Shi ya sa ka ga abin na ƙaruwa. A dakatar da shi.

Hanya ta uku ita ce ta masu haɗa Littafi Mai Tsarki da ilimin halayyar ɗan Adam, irin su Gary Collins da Larry Crabb. Makarantar tauhidi ta Fuller a Amurka ta buɗe sashen wannan ilimi tun 1965. Hujjarsu ita ce gaskiya duk ta Allah ce, yadda Luka likita ne kuma abokin aikin Bulus. Mu a nan muka fi karkata a kan matsalarka. Sai dai ita ma tana da ramin da ake faɗawa: a kwaso tsarin Turawa na mutum biyu a rufaffen ɗaki, a manta a wurinmu mace na da miji da uwar miji da dangin da suka sayar da gona, ko kuma fasto ya karanta littafi biyu ya fara ɗaukar kansa likita, ya ji kunyar yin addu'a.

Abin da zai raba maka gardama yana cikin 1 Tasalonikawa 5:14. A aya ɗaya Bulus ya ware mutum uku: mai taurin kai a gargaɗe shi, mai karayar zuciya a ƙarfafa shi, marar ƙarfi a tallafe shi, a kuma yi haƙuri da kowa. Aikin farko na mai ba da shawara shi ne ya gane wane ne a gabansa. Wannan 'yar'uwa tana cikin na biyu da na uku. Ka dubi yadda Allah ya yi da Iliya a 1 Sarakuna 19, lokacin da shi ma ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace: barci, gurasa da ruwa, barci kuma, abinci kuma, sannan daga baya tambaya, ya bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu, a ƙarshe ya ba shi aiki da abokin tafiya. Ka bi wannan jerin yadda yake.

Zaman kansa kuwa, ga yadda za ka tsara shi. Sau ɗaya a mako, rana ɗaya da lokaci ɗaya, da rana ba da dare ba, minti arba'in da biyar zuwa awa guda. Ku yi alkawarin mako shida zuwa takwas, sannan ku duba inda aka kai. Zaman da ba shi da iyaka kan koma kiran waya tsakar dare, daga nan sai tsegumi. Kada ku zauna ku biyu a rufe. Ƙofa a buɗe, matarka ko wata dattijuwa da ita ta amince da ita tana ciki, ko a inda ana ganinta. Ka bar ta ta zauna inda take ganin ƙofa. Kada ka taɓa ta, ko don addu'a, sai ka tambaya. A gaskiya ma burinka shi ne mace ta karɓi yawancin aikin, yadda Titus 2 ya ɗora wa manyan mata kula da ƙanana. Akwai tsarin da aka fara a Amurka a 1975 mai suna Stephen Ministries, inda ake horar da 'yan ikilisiya awa hamsin, a haɗa mace da mace, namiji da namiji, su riƙa ganawa kamar awa guda a mako ƙarƙashin kulawar shugabanni. Ba sai kun kwafe shi duka ba, amma zumuntar mata na da waɗanda za su iya, in an zaɓe su don riƙon amana ba don tsufa ko muƙami ba.

A cikin zaman, kashi uku cikin huɗu nata ne, kai ɗaya. Ka buɗe da tambaya mai sauƙi: yaya barcin makon nan, me kika iya ci, wace rana ce ta fi wuya? Kada ka ce ta ba ka labarin daji daga farko zuwa ƙarshe. Tilasta wa mutum maimaita abin kan tayar da ciwon. In ta kawo da kanta ka saurara, in ta tsaya ka bar ta. In ka ga numfashinta ya sauya, idonta ya tafi wani wuri, ka kira sunanta a hankali, ka ce ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta faɗi abu biyar da take gani a ɗakin, ta ja numfashi tana ƙirga huɗu, ta sake shi tana ƙirga shida, kamar sau goma. Ta koyi yin haka a gida in babur ya wuce. Kalmomi uku ka cire daga bakinka: "ki manta," "ai wasu ba su dawo ba ma," da "Allah na da dalili." Aya ɗaya ta isa a zama guda, kuma ka zaɓo daga zaburar makoki. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar nasara ba, kuma tana cikin Littafin. Mai bi da yawa bai san an yarda ya yi wa Allah kuka haka ba. Ka rufe da gajeriyar addu'a, ka tambaye ta abin da take so a roƙa, ku kuma amince kan ƙaramin abu ɗaya na makon: fita tsakar gida da hantsi, ko zuwa gidan maƙwabciya tare da rakiya. In kana rubutu don tunawa, ban da suna, kuma littafin ya kwana a kulle.

Sai maganar da ta fi nauyi, wato kunya. Mai yiwuwa tana ganin ta ƙazantu, ta ci amanar aurenta. Nan ne aikinka na mai bishara ya fi na likita. Ka buɗe mata Maimaitawar Shari'a 22:25 zuwa 27: macen da aka fi ƙarfinta a jeji ba ta da laifi, an kwatanta abin da wanda aka tasar wa aka kashe, domin ta yi kuka ba mai ceto. Tun bayan da aka ci birnin Rum a shekarar 410, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta saboda matan Kirista da mahara suka yi wa haka cewa tsarkinsu bai tafi ba, tunda zuciyarsu ba ta yarda ba. Ba sabuwar koyarwa kake kawowa ba. Saboda haka ba maganar horo, ba maganar hana ta jibin Ubangiji, ba kuma addu'ar tuba a kan abin da ba ita ta yi ba.

Mijin fa? Kada ka faɗa masa, kada kuma ka yi masa ƙarya. Ka ce: "Ɗan'uwa, abin da mutum ya gaya mini a zaman shawara ba na fitar da shi, naka ma haka zan riƙe. Abin da zan iya gaya maka shi ne matarka ba ta da lafiya, za ta warke, kuma tana bukatarka." Sannan ka ba shi nasa zaman daban. Shi ma yana ɗauke da kaya: ya kasa kare ta, gona ta tafi, wataƙila bashi na binsa, kuma akwai yiwuwar ya riga ya zargi abin da ya faru yana tsoron ji. Ka koya masa abin yi: kada ya taɓa ta daga baya ba sanarwa, kada ya tashe ta da girgiza in tana mafarki, a bar fitila a kunne in tana so, ya kuma yi haƙuri da maganar shimfiɗa har sai ita ta shirya. Ko za ta gaya masa, da yaushe, nata ne. In ta yanke shawarar faɗa, a shirya: ka fara auna zuciyarsa da Maimaitawar Shari'ar nan ba tare da ka nuna kowa ba, a yi zaman kana wurin tare da dattijuwar, a kuma san inda za ta kwana in ya karɓa da zafi. Wuri ɗaya ne lamarin ke canzawa: in gwaji ya nuna ciki ko cuta mai yaɗuwa, ɓoyewa ba za ta yiwu ba har abada, sai ku haɗa kai da ma'aikatan asibiti, waɗanda suka saba sanar da ma'aurata irin wannan.

A nan 'yan'uwanmu Katolika sun fi mu tsari, domin abin da fada ya ji a wurin furta zunubi ba ya fita ko da za a yanka shi. Mu kuwa sirri kan zube ta ƙofofi uku da ba ma ɗauka laifi: roƙon addu'a ("a tuna da wata 'yar'uwa da aka yi wa kaza a daji," a ikilisiyar da mutum ɗaya ce ta je dajin), misali a cikin wa'azi, da hirar dare da matar gida. Baki shi ke yanka wuya. In ya fita sau ɗaya, ba ita kaɗai ka rasa ba, ba wanda zai ƙara zama a gabanka.

Dattawa iyayenka ne, kai kuma sabon hannu, don haka kada ka ƙaryata su a taro. Ka bi kowanne gida, ka nemi babban faston da ke kula da kai ya shigo ciki, ka kai musu Yahaya 9, inda almajirai suka tambayi wa ya yi zunubi aka haifi mutum makaho, Yesu ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. Kada ka ce a daina addu'a. Ka ce a canza mata salo. Mutum biyu ko uku, da rana, a zaune, murya ƙasa, minti goma. Masu son azumi su yi a madadinta, ita ta ci abinci. Ka kuma ba dattawan aikin da ya dace da girmansu: baiko na musamman don rage bashin fansa, kuɗin makarantar yara na zango ɗaya, kuɗin mota zuwa asibiti, neman gonar aro kafin damina. Zumuntar mata su raba kwanaki, mace ɗaya ko biyu a rana, su taya girki da wanki su tafi, ba ayari guda su cika ɗaki suna "ba mu labari" ba.

Shaidar da aka sa ta bayarwa a Lahadin farko ta zo da wuri. An sa ta ta ce ta yi nasara a gaban jama'a, yanzu tana jin kunyar a ga ba ta warke ba, kuma wannan na iya zama dalilin gudun zumunta. Kada a sake kiranta gaba. In za ta dawo sujada, ta zauna kusa da ƙofa, ta fita lokacin da ta ga dama ba mai binta da ido. Haka ma gafara. Koyarwar Almasihu ce, ba mai soke ta, amma mai ɗori ba ya ɗaure ƙafa yau ya ce gobe a tafi gona. In ka matsa mata a mako na biyu, za ta furta da baki don ta faranta maka, fushin ya koma ciki. Ka bari sai ta iya faɗin abin da aka ƙwace mata, ta yi kukansa. Ka kuma bayyana mata gafara ba ta nufin abin da suka yi ba kome ba ne, ba ta kuma hana hukuma hukunta su.

Kai ma ka sami babban fasto ko malaminka na makaranta da za ka riƙa zama da shi sau biyu a wata kana faɗin yadda aikin ke tafiya, ban da suna. In ka fara mafarkin abin da ta ba ka labari, ko ka ga kana ɗokin zuwanta fiye da kima, ko kana ɓoye wa matarka yawan kiranta, lokacin miƙa ta ga wata ya yi. A mako na shida ka auna da abin da ake gani: awa nawa take barci, sau nawa take ci, tana fita ƙofar gida, maganar mutuwa ta ragu? In ba abin da ya motsa, ko ta fara jin muryoyi, ko ta daina kula da yaran gaba ɗaya, a koma wurin likita a makon, kada a jira ranar da aka rubuta mata a kati.